Barka da Sallah daga Barmingam

Barmingam, Ingila
Daren Babbar Sallah

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga Baba da Inna, da Yaya Sanusi wanda na san shi zai zauna ya karanta wa kowa, da Kulu da sauran yaran gida. Barkanmu da Sallah. Allah ya maimaita mana, ya karɓi layyarmu, ya dawo da alhazanmu gida lafiya. Abban Ummi yana gaishe ku da kyau, yana yi wa Baba barka da hidima. Ummi takwarar Inna ta yi barci da lallenta a hannu, ta hana a cire mata sabon takalmi.

Mun yi waya da safe, amma wayar ranar Sallah kun san ta: wannan ya karɓa, wancan ya fizge, layi ya yanke, ba a gama gaisuwa ba balle a kai ga magana. Ni kuwa akwai maganar da na riƙe a ciki tun watan Janairu, ba ta tsaye ba ce, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Mun yi Idi a babban filin shaƙatawa na unguwar Small Heath. Inna, da kun ga jama'a da kun ce Arafa ce aka kwaso: 'yan Pakistan, Somaliyawa, Yamalawa, Turawan da suka musulunta, mu 'yan Najeriya kuwa sai mu hango juna daga nesa ta malum-malum da ɗaurin ɗankwali. Azumin Arafa ya kai mu kusan awa 18, domin a wannan lokaci rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare. Layya kuma ba a yanka ta a gida, doka ta hana. Kuɗi ake kai wa mai shagon nama, a yanka a mayanka bayan an sauko Idi, gobe ko jibi ka je ka karɓi namanka a kwali. Da na dawo gida na buɗe taga, babu hayaƙi, babu ƙamshin tareni, babu yaro ko ɗaya da ke gudu da kwanon hanta zuwa gidan maƙwabta, sai hawaye suka zubo mini. Na tuna Baba yana jera raguna a jikin itace kewaye da wuta, Yaya yana juya su, mu kuma muna kai da komo muna jiran a ce a ɗanɗana. Ku ci nawa rabon, ku ba Gwaggo ƙafar da aka saba ba ni.

To, ga maganar aiki. Duk lokacin da Baba ya tambaye ni sai in ce ana nan ana nema. Gaskiya ne ana nema, amma ban taɓa faɗa muku abin da ya tare hanya ba. Turanci ne.

Na san Yaya zai yi mamaki, tunda na ci Turanci a jarrabawar WAEC, na yi makarantar koyon jinya da Turanci, na yi shekara biyar ina rubuta bayanan majinyata da shi. Sai da na zo nan na gane irin Turancin da muke da shi: na ido ne da na hannu. Mu karanta, mu rubuta. A asibitinmu takarda ce kawai ke jin Turanci, majinyaci da Hausa muke magana da shi, likita ma in ya gama rubutu Hausa yake juyawa. Kunnena da harshena ba su taɓa yin aikin yini guda cur da Turanci ba. Mutanen Barmingam kuwa suna da nasu karin harshen, kamar yadda Kabanci ya bambanta da Kananci, har ya fi. Suna haɗiye rabin kalma, su ja sauran. Watanni na farko, in direban bas ya yi mini magana, murmushi kawai nake yi in wuce, zuciyata na dukan uku-uku.

Hukumar da ke yi wa ma'aikatan jinya rajista a nan, NMC, yawanci ba ta ba mutum irina lasisi sai ya ci jarrabawar Turanci. Ko dai IELTS, a samu maki 7 a sauraro da karatu da magana, da 6.5 a rubutu, ko kuma OET, wadda aka tsara domin ma'aikatan lafiya, a samu B a waɗancan ukun da C+ a rubutu. Bayan nan ga jarrabawar kwamfuta, ga ta gwajin aiki da hannu. Na zauna OET sau biyu. Karatu da rubutu na haye duka biyun, sauraro da magana suka kayar da ni. Kuɗin da aka biya kuwa daga cikin abin da Abban Ummi ke tarawa ne, bai taɓa buɗe baki ya yi mini gori ba, wannan ma ya ƙara mini nauyi a rai.

Na ce to, kafin lasisi bari in nemi aikin mataimakiyar masu jinya, wanda ba ya bukatar rajista. Sau uku ana kirana ganawa, sau uku ana aiko mini da wasiƙar ban haƙuri. Ni a lokacin na ɗauka ƙarancin manyan kalmomi ne ciwona. Na sayi littafi na cika shi da kalmomi masu nauyi, ina haddacewa kamar hadda, in an yi mini tambaya in kwararo su da sauri don kada a ce ban iya ba. A ganawa ta uku wata mata daga cikin masu tambayar ta ce in sake faɗa, ba ta gane ba. Na sake, ta sake cewa ba ta gane ba. Na fito na zauna a tashar bas na yi kuka mai isata. Da wannan ciwon na zo bikin Balkisu a watan Disamba. Kun ga ina dariya ana ta hidima, ban so in ɓata wa kowa farin ciki ba.

Yanzu sai abin da ya faru a hanyar dawowa. Inna, ku yi haƙuri da na ɓoye. Na san yadda kuke da jirgin sama. Tun muna yara kuke ba mu labarin jirgin alhazan da ya taso daga Jidda zai zo Sakkwato a 1991, ya kama wuta ya faɗi, mutum 261 babu wanda ya fita. Ni kaina ina tune da ranar da aka yi rasuwar Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido a haɗarin jirgin sama a 2006, kwanaki kaɗan bayan Ƙaramar Sallah, yadda gari ya yi tsit kowa ya kafa kunne a rediyo. Na ga in na faɗa muku da zafinsa ba za ku ƙara barci ba. Yanzu wata biyar sun wuce, ga ni lafiya ina rubutu, shi ya sa zan faɗa.

Daga Abuja muka sauka Santanbul, muka canza jirgi zuwa Barmingam, tafiyar kamar awa 4. Tun a Abuja Allah ya haɗa ni da wata Hajiya 'yar Gusau, za ta je wa 'yarta jego. Ba ta jin Turanci ko kaɗan, jirgi kuma sau ɗaya ta taɓa shiga, lokacin aikin Hajji. Ɗanta ya damƙa mini ita amana, muka roƙi a haɗa mana kujera. Ummi tana gefen taga, ni a tsakiya, Hajiya a bakin hanya.

Lafiya lau muke har muka fara gangarowa. Lokacin hunturu ne, ana iska mai ƙarfi a ƙasar. Jirgi ya shiga gajimare sai ya fara rawa. Yaya, ka san yadda kwalekwale ke yi in iskar hadari ta same shi a tsakiyar gulbi, ya ɗaga ya faɗa? To haka, sai dai babu gaɓar da ido zai hanga. Sau ɗaya ya yi ƙasa da mu farat ɗaya har na ji cikina ya taso wuyana. Wani mutum a gabanmu da bai ɗaure bel ɗinsa da kyau ba ya tashi sama, kansa ya bugi ma'ajiyar kaya. Yara suka fashe da kuka. Muka fito ƙasan gajimare, ina hango fitilun titin sauka, fiffike yana karkata dama da hagu. Mun kusa taɓa ƙasa, har ina ganin ciyawa, sai injuna suka yi wata irin ƙara, jirgin ya ɗaga kai ya koma sama da ƙarfi, aka manna mu da kujeru.

Hajiya ta damƙe mini wuyan hannu, sai da shatin yatsunta ya kwana biyu. Tana salati tana cewa, “'Yata, faɗuwa za mu yi? Gaya mini gaskiya, in na yin shahada ne in yi.” Ni ma ban sani ba. Bakina addu'ar Annabi Yunusa kawai yake maimaitawa, hannuna ɗaya a kan ƙirjin Ummi. Na tuna ku, na tuna ban yi wa Gwaggo sallama da kyau ba saboda saurin mota.

Minti biyu ko uku babu wanda ya ce mana komai, kuma su ne mafi tsawo a rayuwata. Sannan matuƙin ya yi magana. Shi ma ba Bature ba ne, Turancinsa da karin harshen ƙasarsu a ciki. A hankali ya yi ta, kalma bayan kalma, kamar mai yi wa yaro bayani. Ya ce iska ta bugo daga gefe fiye da yadda zai yarda ya sauka, don haka ya fasa. Ya ce jirgi lafiyarsa lau, kuma akwai isasshen mai. Ya ce zai zagayo ya gwada sau ɗaya, in bai gamsu ba za mu tafi Mancesta. Ya ce kowa ya zauna, ya ƙara tsuke bel. Shi ke nan.

Baba, babu kalma ɗaya da ta wuce ni. Ni da nake faɗuwa jarrabawar sauraro, a cikin wannan ƙara da kuka, na ji komai sarai. Na juya na fassara wa Hajiya jimla bayan jimla. Na ga hannunta ya sassauta. Ta ce, “Ashe ya san abin da yake yi.” Wata mata a bayanmu, da alama 'yar Afirka ta Gabas ce, ta taɓo kafaɗata tana tambaya da ɗan guntun Turancinta, na maimaita mata da nawa a hankali, ita ma ta gane ta gyaɗa kai.

Ya gwada na biyu, bai gamsu ba, tun daga sama ya fasa. Muka wuce Mancesta, bai fi tafiyar rabin awa ba, muka sauka ana tafi ana kuka. Hajiya ta ƙi tashi sai da ta yi wa matuƙin addu'a mai tsawo, ta ce in faɗa wa ma'aikaciyar jirgin ta kai masa. Na faɗa. Da motocin bas aka mayar da mu Barmingam cikin dare, na damƙa ta hannun surukinta. Har yau tana kirana duk Juma'a.

Na yi kusan mako biyu ina firgita cikin barci. Abin da ya taimake ni, bayan addu'a, shi ne na zauna na karanta yadda abin yake. Ashe fasa sauka ba alamar jirgi ya lalace ba ce, abu ne da ake horar da matuƙa a kai, kuma an fi son su fasa da su yi ganganci. Ashe doka ta wajabta jirgi ya ɗauki man da zai kai shi wani filin na daban, da ƙarin na zagayen minti 30 a kai. Masu jin rauni in iska ta girgiza jirgi kuma, yawanci waɗanda ba su ɗaure ba ne. A watan Mayun 2024 wani jirgi daga Landan zuwa Singafo ya gamu da irin wannan girgiza, mutum ɗaya ya rasu, da dama suka ji munanan raunuka, dole aka sauka a Bankok. Tun daga nan na ƙudura ba zan ƙara kwance bel a jirgi ba sai in zan zagaya.

Sai kuma na ci karo da abin da ya fi tsaya mini a rai. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya ta wajabta wa matuƙa da masu ba su umarni daga ƙasa, a tafiye-tafiyen ƙasa da ƙasa, su iya Turanci zuwa mataki na 4 cikin 6. Ba a ce su yi irin na Sarkin Ingila ba. Abin da ake nema a ji su, su ji, musamman in abu ya rikice. In an ba matuƙi umarni, sai ya maimaita shi da bakinsa don a tabbatar abin da aka faɗa shi ya ji. Na ajiye waya na yi shiru. Mutumin nan da rayukanmu ke hannunsa bayan ikon Allah, bai nemi ya burge kowa ba. Ya faɗi abin da ya faru, da abin da zai yi, da abin da yake so mu yi. Ni kuwa wata da watanni ina tara dogon Turanci don in rufe tsorona, alhali tsohuwar da ke kwance tana jin ciwo ba abin da take so daga mai jinya sai irin abin da Hajiya ta so a jirgi.

Na ajiye littafin manyan kalmomin nan. Na shiga ajin Turanci na manya a wata kwaleji kusa da mu, kwana biyu a mako, da wani zaman hira na kyauta da ake yi a ɗakin karatu na unguwa. Kullum in ina girki rediyon garin nan na kunne, ba don labarai ba, don kunnena ya saba da yadda talakawan gari ke magana in sun bugo waya. Ina ɗaukar muryata a waya in saurara. A nan na ji da kunnena yadda nake haɗa harafin p da f wuri guda, tunda mu a bakinmu abu ɗaya ne, mu Kabawa ma har mu mai da shi hw. A Turanci kuwa, kalmar kaskon suya da kalmar fanka wannan harafin kaɗai ya raba su. Malamarmu ta sa na riƙa riƙe 'yar takarda a gaban baki: in na faɗi p daidai takardar za ta motsa. Ni da Ummi muke yi da yamma, ita tuni ta wuce ni.

Akwai kuma wata maƙwabciyarmu Baturiya, ta haura shekara 80, mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna nesa. Na fara kai mata abinci, ta fara riƙe ni da hira. Wajenta na koyi abin da babu a littafi. In tsohon nan ya ce zai je ya kashe kwabo, bayan gida yake nufi, kamar yadda muke cewa za mu zagaya. Abincin dare shayi suke kiransa. In ka tambaye su jiki suka ce ba laifi sosai, to ka sake tambaya, mai yiwuwa ciwo na cinsu, kara ce irin tasu. Wannan ya tuna mini da matanmu na ƙauye da ke zuwa asibiti suna cewa da sauƙi alhali ba sa iya tsayuwa. Ashe aikin da na iya a gida yana nan, harshe ne kawai ya tsaya tsakanina da shi.

Wani abin da malamar ta nuna mini ya yi mini wuya fiye da haruffa. Kun tarbiyyantar da mu kada mu zuba wa babba ido, kada mu yabi kanmu. A nan in ka sunkuyar da kai a ganawa sai a ɗauka ba ka da tabbacin abin da kake faɗa. In aka ce me ka yi, ka ce mun yi, sai su ce kai fa? Ban bar tarbiyyarku ba, Baba, kuma ba zan bari ba. Na dai koyi cewa faɗin abin da hannuna ya yi, in an tambaye ni, shaida ce ba fahariya ba.

Bayan Ƙaramar Sallah aka kira ni ganawa ta huɗu, a wani asibiti, sashen tsofaffi. Suka ce in ba da misalin lokacin da na kwantar wa wani hankali cikin tsoro. Na ba su labarin Hajiya, a hankali, da ƙananan kalmomi. Wata tambayar ban ji ta da kyau ba, na ce don Allah a maimaita, sannan na faɗi abin da na fahimta na ce haka ne? Da can kunyar yin haka nake ji. Babbar cikinsu ta ce haka suke so a yi a bakin gado, domin in likita ya ba da umarni ta waya, gara a maimaita masa da a yi kuskuren magani. Bayan kwana biyu suka bugo. Alhamdu lillahi, Baba, na samu. An gama binciken takardu, zan fara ranar Litinin ta sama. Aikin mataimakiya ne, wanka da ciyarwa da awon zafin jiki da hawan jini, bai kai matsayin da na bari a gida ba, amma ƙofa ce. Jarrabawar OET kuma na sake yin rajista, watan Agusta zan zauna. Ku sa ni a addu'a, Inna, ta bayan Asuba ɗin nan da kuka saba.

Kulu, saura ke. Na ji kina son karatun ungozoma. Kada ki jira sai kin girma kamar ni. Ki riƙa karanta shafi ɗaya da ƙarfi kullum, ki saurari shirye-shiryen koyon Turanci na BBC a wayar Yaya, ki samu ƙawa ɗaya ku ware rabin awa ba Hausa. Za a ce kuna iyayi, ki ƙyale su. Hausarki kuma ki riƙe ta da kyau, da ita na yi wa Hajiya amfani, ba da Turanci kaɗai ba.

Yaya, kai kuma roƙo nake. Damina ta kama, gulbi zai cika, na san kana ƙetarawa fadama duba shinkafa. Tun haɗarin jirgin ruwan Warra na 2021 nake maka maganar rigar kariya daga nutsewa kana cewa kai ɗan Argungu ne, ka iya iyo. Mutumin da kansa ya bugi rufin jirgi ma na tabbata ya sha hawa jirgi. A cikin kuɗin da na turo akwai na riguna biyu, taka da ta Bashiru. Sauran a ba Inna, a cire na goron Sallar yara, a kai wa Malam na makarantar allo nasa.

In Alhaji mai zuwa Landan ya tashi tahowa, a ba shi kuka da daddawa da busasshen kifi kaɗan. Kada a sa kilishi ko soyayyen naman layya, ba a yarda a shigo da nama ba, ƙwacewa za a yi a filin jirgi. A turo mini hotunan hawan Sarkin Kabi, Ummi tana ta tambayar dawaki.

A gaishe da Gwaggo, a ce mata ina neman gafarar sallamar da ban yi mata da kyau ba. A gaishe da Kawu da iyalinsa, da amarya Balkisu da angonta, da duk maƙwabta. In Allah ya kai mu baɗi da rai da lafiya, muna sa ran yin Sallah tare da ku. Jirgin zan hau, Inna, in ɗaure bel ɗina, in karanta addu'ar tafiya da kuka koya mini.

Wassalam.

'Yarku,
Saratu